Kambas a Ƙafar Baba

A gidanmu ni ce auta, kuma auta tana faɗin abin da yayyenta ba za su iya faɗi ba. Shi ya sa da ƙafar Baba ta fara ba mu tsoro, ni aka tura gaba. Yayyena maza uku ne, kowa da gemunsa da iyalinsa, amma da zarar Baba ya ɗaga ido ya dube su sai ka ga an fara sosa ƙeya ana neman hanyar fita. Ni kuwa tun ina rarrafe nake jan gemunsa, kuma ban ga dalilin dainawa ba don kawai na zama malamar makaranta a Dogon Dutsi.

Ƙauyenmu yana kusa da Dumega. Baba manomi ne, gero da wake, a lokacin ya ba shekara saba'in baya kaɗan. An daɗe da gaya masa yana da ciwon sukari. Yana shan maganinsa idan ya tuna, yana kuma zuba sukari a fura idan Inna ta juya baya. Wata safiya bayan girbi Inna ta ɗaga tabarmarsa za ta kakkaɓe, sai ta ga tabon jini ta wajen ƙafa. Da aka duba, ƙayar aduwa ce ta shige masa tafin ƙafar hagu ta karye a ciki, wurin har ya fara ruwa. Aka tambaye shi yaushe ya taka ta, ya ce shi bai taka komai ba. Ba ƙarya ya yi ba, bai ji ba ne.

Na zo ranar Asabar muka kai shi gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya cire ƙayar ya wanke mikin, sannan ya ce Baba ya rufe ido. Ya zaro tsinke daga tsintsiya yana taɓa masa tafin ƙafa nan da can, yana tambaya ko ya ji. Baba kuwa yana zaune ido rufe, yana jiran a fara. Majo ya ja ni gefe ya yi mini bayani dalla-dalla. Ciwon ya kashe jin ƙafar, ƙaya da wuta da tsakuwa duk ɗaya ne a wurinta, kuma miki a irin wannan ƙafa ba ya saurin warkewa. Wannan karon an dace. Idan aka sake, ana iya rasa yatsa, ana iya rasa ƙafar gaba ɗaya. Maganin abin ba allura ba ne. Kada ya ƙara taka ƙasa ba takalmi ko da taku ɗaya ne, kuma takalmin ya zama rufaffe mai taushi, da farar safa a ciki don in jini ya fito a gani.

Ina jin haka na san inda gardamar za ta fito. Baba yana da yaya, muna ce masa Baba Babba, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar. Mahaifinsu ya rasu Baba yana ɗan shekara bakwai, yayan ne ya riƙe shi, ya koya masa riƙon hauya, ya yanka masa gona, ya yi masa aure. A lokacin da abin nan ya faru yanar ido ta riga ta rufe idanun Baba Babba, ba ya zuwa ko'ina, yana zaune a zaurensa yini guda yana sauraren gari. Sau biyu a rana Baba yake zuwa gaishe shi, da safe da kuma bayan azahar, ya ji ko ya sha fura. Akwai wani rumbu a bakin fili, taku hamsin ko fiye daga zauren. A gindin rumbun nan Baba yake tuɓe takalminsa, ya ratsa rairayin da ƙafa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tun kafin a haife ni haka yake yi. Mu yara ma a nan muke tuɓe namu, ba wanda ya taɓa ce mana mu yi, gani muka yi.

Na yi wa Baba maganar a hanyar dawowa. Ya ce ya ji, da irin muryar da yake amsa wa mai tallan maganin gargajiya. Takalminsa na taya ne, wanda ake zarewa da yatsa ɗaya ba tare da an sunkuya ba. Na zauna ina tunani, sai na ga ai ba Baba ne abin canzawa ba, takalmin ne. A samo masa wanda cire shi aiki ne. Nan take kambas ya faɗo mini a rai, kuma sai da na yi murmushi ni kaɗai a cikin mota.

Ni da kambas mun daɗe. Mu a lise, wato makarantar sakandare, tenis muke ce masa, ko basket, 'yan kasuwar da ke sarin kaya ta kan iyakar ƙasa ne suke cewa kambas. Ina cikin 'yan matan da ke buga ƙwallon kwando, gajera ce ni amma ba a ƙwace ƙwallo a hannuna cikin sauƙi. Nawa na gwanjo ne, fari, mai dogon wuya. Duk Lahadi sai na wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, in goga masa allin da na kwaso daga aji tun yana da danshi, in jingina shi a katanga. Idan ya bushe har ido yake kashewa, kuma duk takun da na yi ranar Litinin sai ya bar farar ƙura a baya. Ban taɓa mallakar abin da na so kamarsa ba.

Malamin wasanninmu mutum ne mai son labari, idan rana ta yi zafi sai ya tara mu a inuwa ya ɗauki takalmin wani ya mayar da shi darasi. Daga bakinsa na ji cewa a da roba ba abin dogaro ba ce, da zafi ta narke ta yi danƙo, da sanyi ta bushe ta tsage, sai da aka gano a dafa ta da farar wuta sannan ta tsaya da ƙafarta. Daga nan masu yin taya da takalman ruwa suka fara manna ta a ƙasan yadi mai kauri, irin wanda ake yin tanti da shi. Ya ce da farko na masu hali ne, suna yawo da shi a bakin teku, suna wasa a kan ciyawa don ba ya tona ta. An ce ma na farkon babu dama babu hagu, ƙafa ce take koya masa. Daga baya 'yan ƙwallon kwando suka karɓe shi aka ɗaga wuyansa ya rufe idon sawu, sojoji suka yi atisaye da shi, ɗalibai da mawaƙa suka ɗauka, har ya iso kasuwar Dogon Dutsi a cikin dila. Abin da ya fi burge malamin shi ne sama da shekara ɗari ke nan kamanninsa ba su canza ba. Ana ta fito da wasu masu soso da iska da fitila, su yi yayi su wuce, shi yana nan yadda yake, yadi da roba da igiya.

Gaskiyarsa. Babu abu ɗaya a jikin takalmin nan da aka sa don ado kawai. Hular roba a kan yatsu don tuntuɓe ce. Zagayen robar da ya haɗa yadin da tafin shi ke hana ruwa da rairayi shiga ta gefe. 'Yan hudoji biyu na wajen tsakiyar ƙafa don iska ne. Igiyar kuwa ita ce sarauniya, ka sassauta idan ƙafa ta kumbura da yamma, ka ɗaure idan ta saɓe da safe. Duk abin da majo ya lissafa yana ciki. Ni kuma na ƙara da nawa lissafin a ɓoye. Alwala sau biyar a yini ta ishi dattijo kwance igiya da ɗaurewa, ba zai ƙara wa kansa na shida da na bakwai ba.

Inna ta aiko mini da awon ƙafarsa yadda aka saba, karan gero da aka yanka daidai tsawonta daga diddige zuwa babban yatsa. Na shiga kasuwa da karana a jaka. Mai shagon takalman da na tsaya a wurinsa wani matashi ne mai gemu da ɗangalallen wando, bai ɗaga ido ya dube ni sosai ba, amma da na faɗi wanda zan saya wa da dalili, sai ya ajiye wayarsa ya tashi. Ya ce ba gwanjo ba, sabo za a ba shi, don gwanjo ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani. Ya riƙa zura karan a ciki ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda ya rage wurin babban yatsan hannu a gaba. Sannan ya ce in sa hannu in shafa cikinsa ko'ina, in na ji ɗinki mai kaifi ko dunƙulen gam a bar shi, tunda mai shi ba zai ji ba. Mun mayar da uku kafin na huɗu. Ruwan ƙasa na zaɓa, don na san fari ko a mafarki Baba ba zai sa ba.

Da na buɗe ledar a tsakar gida, matan yayyena suka shige ɗaki suna toshe baki. Baba ya juya takalmin sama da ƙasa ya ce, "Auta, ni za ki sa ma takalmin 'yan ƙwallo? Da hurhurata?"

Na ce masa furfura a kai take, ni ƙafa na zo yi wa aiki. Na durƙusa na sa masa safa, na zura ƙafar, na ja igiyar rami bayan rami har wuya, na yi ɗauri biyu. Ya miƙe ya taka, ya je bakin rijiya ya dawo, riga har gwiwa, wando, ga kambas a ƙasa. Ni kaina sai da na ciji leɓe don kada in yi dariya. Da yamma ya ce zai leƙa gona, kuma da ya dawo ya zauna yana tsince ƙarangiya daga igiyar yana mamaki. Duk ta tsaya a waje, ko ɗaya ba ta kai fata ba. Ya ce wanda ya ƙago abin nan ya san daji. Na ce masa bai taɓa ganin ƙarangiya ba. Ya ce to Allah ne ya sanar da shi.

Cikin sati biyu ya zama abin alfaharinsa. Tsofaffin da suka fara yi masa ba'a a ƙofar masallaci, suna tambayarsa ranar wasa don su zo kallo, su ne suka koma suna latsa hular robar da sanda suna tambaya ko akwai lambarsu. Shi yake wanke abinsa, ba ya bari a shanya a rana tsaka don kada robar ta gaji. Duk wanda ya shigo Dogon Dutsi daga ƙauye na tambaye shi, sai ya ce Baba yana nan da kambas ɗinsa, har barci ma da ƙyar yake cirewa. Na riƙa yabon kaina a gaban abokan aiki, ina cewa dattijo sai da dabara.

Na koma gida da hutu a tsakiyar bazara, lokacin da rairayi yake gasa ƙwai. Kwana ɗaya da zuwana, bayan azahar, ina zaune a ƙofar gidan wata ƙawata da ke kallon filin nan, sai ga Baba ya fito daga masallaci. Ya zo gindin rumbu ya zauna a kan dutsen da ke tallafe da shi. Ya sunkuya ya kwance ɗaurin farko, ya kwance na biyu, ya sassauta igiyar rami bayan rami, a natse, kamar mai jan carbi. Ya cire safar ya naɗe ya cusa a ciki, ya jera takalman a inuwa. Sannan ya miƙe ya ratsa filin, ba sauri, ba ɗingishi, a kan rairayin da ko akuya ba ta yarda ta tsaya a kai ba. Ashe duk watannin nan haka yake yi, sau biyu kullum. Wahalar da na yi zaton za ta hana shi, shi ƙarin ladabi ya ɗauke ta. Kawai yakan fito da wuri ne don ya sami lokacin kwancewa.

Ban yi magana a waje ba, na jira ya shigo gida. Na ce ya miƙo ƙafa. Tafin duka biyun ya yi bororo, na hagu ya fashe a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, wurin ya yi baƙi. Safar tana da tabo, ashe shi yake wanke ta da kansa don kada Inna ta gani. Na yi faɗa ranar, faɗan da ban taɓa yi wa babba ba, har Inna ta ce in tuna da wa nake magana. Na tuna sarai, shi ya sa nake kuka.

Washegari muka ɗauke shi a mota zuwa babban gidan likita na Dogon Dutsi. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙaramin yatsan ya riga ya mutu, sai da aka cire shi. Likitan ya faɗa a gaban Baba, ba a gefe ba, cewa in aka sake dawowa da irin wannan, daga ƙasan gwiwa za a yi magana. Baba ya yi sati shida a gidana ana wanke mikin. Ya aika wa yayansa cewa ɗan ƙurji ne ya fito masa, ya kuma gargaɗe mu duka kada wanda ya kuskura ya faɗa masa gaskiya, tsoho ne, bai kamata a ɗora masa damuwa ba.

Ana gobe za mu koma na zaunar da shi. Na kawo masa duk hujjar da na sani. Na ce Baba Babba ba ya gani, ko da takalmi ko babu, bai san bambanci ba. Wannan ce maganar da ta fi ɓata masa rai. Ya ce, "Don ba shi gani sai in cuce shi? Shekara sittin ban taɓa tsayawa gabanshi da takalmi ba. Da idonshi ban yi ba, sai yanzu da ya rasa su?"

Har yau ban ga laifin maganar ba. Abin da ya sa nake son Baba ke nan, kuma shi ne zai raba shi da ƙafarsa. Na gane babu takalmin da za a ƙera a duniya da zai fi ƙarfin mutumin nan. Mutum ɗaya ne kawai yake iya ba shi umarni, shi ne kuma aka hana mu gaya wa.

Mun isa ƙauye da la'asar. Baba ya kwanta a ɗaki ya huta, takalman suna bakin ƙofa. Na ɗauki ƙafa ɗaya na sa a cikin mayafi na fita. A gindin rumbu na tuɓe silifas ɗina yadda na saba, na taka rairayin. La'asar ce fa, rana ta karkata, amma da gudu na ƙarasa zauren ina yarfe ƙafa. Baba Babba ya gane ni tun daga sallama. Ya tambayi hanya, ya tambayi ƙurjin yaron nan, don haka yake kiran Baba duk da furfurarsa. Maimakon in amsa, sai na sa masa takalmin a hannu.

Ya daɗe yana shafa shi. Ya fara daga hular roba, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ya bi zagayen gefe da yatsa har ya dawo inda ya fara, yana neman inda aka haɗa. Ya juya tafin ya shafa zanen da ke ƙasa, ya lanƙwasa shi ya sake, ya kai hanci ya shinshina. Da ya iso 'yan hudojin nan biyu sai ya tsaya ya tambaya ko ɓera ne ya ci, na ce don iska aka yi su, ya gyaɗa kai ya ce mai hankali ne ya yi. Sannan ya ƙirga ramukan igiya ɗaya bayan ɗaya har wuya. Ya ce an ba shi labarin takalmin, amma bai san haka yake da ɗauri ba. Wannan ai kafin mutum ya cire shi an gama cin tuwo. Sai ya ce to yaya aka yi kullum yake jin tafin ƙafar yaron nan a kan tabarma.

Na gaya masa komai, ƙayar aduwa, tsinken tsintsiya, rairayin azahar, abin da likita ya ce game da gwiwa. Ban rage ba, ban kuma nemi ya rufa mini asiri ba. Hannunsa yana kan takalmin bai motsa ba. Da na gama ya tambaya yatsa nawa aka cire, na ce ɗaya. Ya ce in je in ce wa ƙanensa yana kira, yanzu, kuma ya zo da abin nan a ƙafa.

Baba yana ganin takalmi a hannuna ya gane. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya karɓa ya sa da kansa, ya ɗaure, ya ɗauki sanda. Na bi shi a baya. A gindin rumbu ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, na ga bayansa ya fara sunkuyawa, hannunsa ya nufi igiyar. Sai muryar tsohon ta fito daga zaure, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

"Kai yaro, taho yadda kake."

Ban taɓa ganin tafiya mai nauyi irin wannan ba. Taku hamsin ne, amma Baba ya yi su kamar mai ɗauke da buhun gero, kansa a ƙasa. A bakin zaure ya durƙusa ya fara gaisuwa. Baba Babba bai amsa ba. Ya ce takalmin nan ba ya ƙara, ba a jin zuwansa, don haka ya matso. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami gwiwar ƙanensa, ya gangara zuwa wuyan takalmin, ya kama ɗaurin ya ja ya ji da ƙarfi. Ya nemi ɗaya ƙafar ma ya ja.

Sannan ya ce, "Da ƙahwa biyu baba ya bar mini kai. Mi zan ce mishi in na bari anka yanke guda don gaisuwata? In ka koma ɗebe shi saboda ni, ni ka tahowa ƙohwar gidanka kullum da sahe, ba takalmi, in durƙusa in gaishe ka, garin ga duk shi gani."

Baba ya ce, "Yaya, ka yi mini rai."

Baba Babba ya ce ya gama magana. Daga nan ya amsa gaisuwar, ya tambayi hanya da mutanen Dogon Dutsi kamar ba abin da ya faru. Ni na zame na fita, don ba daidai ba ne 'ya ta tsaya tana kallon hawayen ubanta.

Kwana uku Baba bai yi mini magana ba. A na huɗu, da zan koma, ya ce in na sami dama in aiko da wata igiyar, wannan ta fara cinyewa wajen rami na uku. Na aiko da guda biyu. Daga ranar nan gaisuwar gidan Baba Babba ta sami sabon tsari, har yaran unguwa suka haddace. Baba zai yi sallama ya durƙusa, tsohon ya miƙa hannu ya ja ɗaurin dama, ya ja na hagu, sannan ya ce lahiya lau. Wata rana Inna ta yi masa ɗauri ɗaya don sauri, aka aiko mata da faɗa daga zaure. Mikin ya rufe, wani bai sake fitowa ba. Damina biyu Baba ya yi noma da kambas, tafin ya cinye muka sayi wani irinsa sak, wurin matashin nan mai gemu.

Baba Babba ya rasu a bazara ta uku, da hantsi, aka kai shi bayan azahar. Mu mata muna gida, babban yayana ne ya ba ni labarin. Ya ce da aka isa bakin maƙabarta, dattawan garin suka tuɓe takalmansu yadda suka saba yi wa babban mutum, suna ɗaga ƙafa saboda zafin ƙasa. Baba yana gaba, kafaɗarsa a ƙarƙashin makara. Wani tsoho baƙo da ya zo daga Ɗan Kassari, wanda bai san zancen ba, ya matso ya taɓa shi ya nuna masa ƙafarsa, ya ce ai yayansa ne ake kaiwa.

Baba bai ko dubi ƙasa ba. Ya ce, "Shi ya hana ni."

Ya wuce da makarar har bakin kabari, da takalminsa a ɗaure.